Tagar da Na Huda wa Haruna

Ni magini ne, kuma a wancan lokacin babu kamata a Madarunfa, ko kuma haka ni nake gani. Ɗakin da na gina, ko cinnaka sai ya nemi izini kafin ya shiga. Da wannan nake taƙama, Allah ya yafe mini.

A shekarar 1971 yayana Haruna ya dawo daga cin rani a Najeriya, ya rame, yana tari har da jini. Na ɗora shi a jaki muka je gidan likita. Malam Hasan, likitan garinmu, ya aika da kakinsa Maraɗi aka duba. Bayan sati ya ce tarin fuka ne, za a yi ta allura da ƙwayoyi wata da watanni. Washegari sai ga shi a gidanmu, wai ya zo ganin inda maras lafiya yake kwana.

Ɗakin Haruna ni na gina shi. Bangon gabas yana kallon hanyar kasuwa, ɗaya bangon kuma ya haɗa shi da ɗakin mahaifiyarmu, Inna Delu. Likita ya shiga, ya daɗe a tsaye kafin idonsa ya saba da duhun.

"Wa ya gina wanga ɗaki?"

"Ni ne," na ce, har da gyara hula.

"Rumbu ka gina, Audu."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce cutar a iska take yawo, mutum ya yi tari ta tsaya cikin ɗaki tana jiran mai shaƙa. A babban asibitin da ya yi horo ya ga wata fitila mai shuɗin haske da ake ratayawa can sama, tana kashe ƙwayoyin cuta a cikin iska.

"Mu nan ba mu da lantarki," in ji shi, "amma irin hasken ga akwai shi cikin rana. Ka huda taga babba a bangon gabas, rana ta shigo, iska ta wuce. Allura ta Haruna ce. Taga kuwa ta sauran mutanen gida ce, musamman tsohuwar ga."

Na ce to. Amma tun kafin ya kai ƙofar gida na fara neman hanyar zillewa, domin na san tagar nan. Gida uku aka yi wa irinta a garin, har suna gare ta: tagar likita. Duk wanda ya gan ta ya san abin da ke ciki. Gidan Illo mai kifi, tun da aka huda masa, ba wanda ya ƙara shan ruwan randarsa, mata in za su wuce sai sun toshe hanci da gyale. Ni na huda masa da hannuna, ni ne kuma na kai labarin majalisa aka yi ta dariya. Yanzu a ce duk mai zuwa kasuwa ya ga irinta a gidan Audu magini? Kunya ta hana ni.

Sai wayona ya kawo mini shawara. Likita taga ya ce. To ga bangon da ke tsakanin Haruna da Inna, ƙofar Inna kuma kullum a buɗe take tana kallon tsakar gida. In na huda nan, ai iska ta samu hanya, ba kuma wanda zai gani daga waje. Na ɗauko kayan aiki, kafin azahar na gama. Taga ce mai kyau, har shafe na yi mata.

Matata Bilkisu ta tsaya tana kallo.

"Malam, nan likita ya ce?"

"Taga ya ce, ga taga. Ko ke ma magina ce?"

Ta koma bakin murhu.

Inna kam ta ji daɗi. Ta ja gadonta ta kai ƙarƙashin tagar, ta nan take miƙa masa fura, ta nan suke hira. Duk sanda na kai Haruna allura likita sai ya tambaya, "An huda?" Ni kuma in ce, "An huda, babba ma." Ina faɗa ina jin daɗin cewa ban yi ƙarya ba.

Bayan wata huɗu Haruna ya fara yin kumari, har yana fita gona da sanda. A lokacin ne Inna ta fara tari. Ta ce sanyi ne, ni ma na ce sanyi ne, na ma fi ta ƙarfin faɗa. Ran nan Bilkisu tana wanki ta kira ni, ta buɗe mini ɗankwalin Inna. Akwai jini a jiki. Ita ce ta sa mayafi ta je ta kira likita, ni na kasa zuwa.

Malam Hasan ya zo da hantsi. Ya fara tsayawa a waje ya dubi bangon gabas, lafiyayye, ko tsaga babu. Sannan ya shiga ɗakin Inna, ina biye da shi. Ya ga gadon, ya ga tagar a saman kanta. Ya leƙa ta ciki, ga tabarmar Haruna nan ƙasa a cikin duhu. Ya juyo ya dube ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya durƙusa ya sa abin awonsa a bayan Inna ya daɗe yana saurare.

"Gobe da sahe ka kawo ta," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Inna ta lura da yadda ɗazu ya yi ta duban tagar, sai ta yi murmushi, ta dafa hannunsa.

"Ka ga aikin Audu ko, likita? Shi ya yi mani ita, don in riƙa jin ɗan'uwanshi. Ban ko roƙe shi ba. Allah shi yi mashi albarka, shi ba shi ɗiya masu yi mashi yadda ya yi mani."

Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta goge baki ta dube ni.

"Ka ce amin mana, Audu."