Ƙarfen da ke Kan Ƙaramar Ƙofa

"Ja numfashi, Baba. A hankali."

Ya ja, ya tsaya a rabi, ya cije leɓe. Sista ta ɗora tafin hannunta a haƙarƙarinsa na hagu, inda jinin da ya kwanta ya fara washewa. Mako uku ke nan, ƙasusuwa biyun da suka tsage ba su gama haɗewa ba.

"Na warke, Uwata," in ji shi, yana laluben rigarsa da hannun dama. "Ki tuna dai alkawarinmu. A banɗaki na zame. Haka mahaifiyarki ta sani, haka kowa ya sani."

Ta taya shi zura hannun rigar, ta miƙa masa ƙwayar rage ciwo da kofin ruwa.

Bahago kowa yake kiransa a garin, don da hagu yake cin abinci, da hagu yake gaisawa in ya manta, da hagu kuma ya buga ƙwallo a zamaninsa. Shekara talatin yana shugabantar ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin garin. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, kuma kakar wasa uku ke nan duk ranar wasa tana tsaye da akwatin agajin gaggawa a bakin Ƙaramar Ƙofa. A nan ne, ba a banɗaki ba, jama'a suka matse mahaifinta da bango har ta ji ƙarar ƙashin da kunnenta.

Ƙofar ba ta wuce faɗin ƙarti biyu kafaɗa da kafaɗa ba. Ta auna ta da tef ɗin awo. Kafin a kai gare ta sai an gangara wani lungu mai bango hagu da dama. A samanta aka kafe ƙarfen saman tsohuwar raga, na shekarar da kulob ya haura babban rukuni, kuma Bahago na cikin samarin da suka ɗauko shi a kafaɗa. Tun daga lokacin, duk ɗan kallon da ya san kansa ba ya barin fili sai ya bi ta nan, ya yi tsalle, ya mari ƙarfen. An ci, a mara don godiya. An sha kashi, a mara don wasa na gaba. Kowa sai ya dakata ɗan lokaci kafin ya yi tsallen, na baya kuwa ba su san an dakata ba.

Yanzu za a faɗaɗa filin. Za a ɗora bene a kan sashen gabas, mutum dubu takwas ƙari. Sharaɗi ɗaya tak magoya baya suka gindaya, da sa hannun mutum sama da dubu biyu wanda Baba ya bi gida-gida ya tattara: kada a taɓa Ƙaramar Ƙofa. Yau da ƙarfe sha ɗaya za a kaɗa ƙuri'a a kan zanen. In an amince, ranar Litinin a sa hannu, an gama.

Zauren taron yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, rufinsa a karkace, fanka ɗaya na juyawa tana kuka. A kan tebur an ajiye samfurin sabon filin da aka yi da farin kwali, har da 'yan mutane na roba ƙanana kamar tururuwa. Injiniya, wani siririn mutum mai gilashi da aka ɗauko daga wani gari, yana tsaye a gefensa da sanda. Sista ta sami kujera a layi na uku, akwatinta a tsakanin ƙafafunta.

Minti arba'in aka kwashe a kan launin kujeru.

"Wannan shuɗin na makaranta ne!" in ji Tela, wanda ke ɗinka wa ƙungiya tutoci. "Namu ya fi duhu. In kana so in kawo maka ƙyalle ka gani."

"Kai da ka ɗinka mana tuta bara ta zuba a ruwan farko?" wani ya jefo daga baya. Zaure ya kece da dariya.

Mai Ganga ya miƙe, ƙato ne mai muryar da ba ta bukatar lasifika. "Ni rumfa ce damuwata. Injiniya, in na doka ganga a ƙarƙashin kwanon nan, sautin zai sauka kan golan abokan karawarmu ne, ko kuwa kanmu zai dawo?"

"Zai taru ya sauka cikin fili."

"To Allah ya yi maka albarka. Na ba ka 'yar ƙanwata."

Aka yi ta haka. Wani ya ce kujerun manya sun yi yawa, su da ba sa zuwa sai wasan ƙarshe. Wani ya ce a benen sama ba za a ga lambar rigar ɗan wasa ba. Wani yana son agogo babba. Sista tana jin kowace magana kamar ana ja mata jijiya. Mutum ɗari biyu, manya da gemu, sun zauna suna faɗa a kan shuɗi, babu ko ɗaya da ya tambayi ta ina zai fita da ransa. Ta san amsarsu tun kafin ta buɗe baki, don ta sha jin ta: haka muka saba, ai ba a taɓa mutuwa ba. Kamar dai sai an mutu ɗin sannan maganar za ta zama magana.

Ta ɗaga hannu. Baba, daga kan teburin shugabanni, ya kalli wani wajen. Ta bar hannun a sama har magatakarda ya ji kunya ya ce, "Sista na da magana."

Ta miƙe.

"Injiniya, don Allah, ka taɓa zuwa filin nan ranar wasa?"

"Na zo sau huɗu. Talata biyu, Alhamis biyu. Aune-aune ba ya yiwuwa cikin jama'a."

"In an tashi wasa, ta ina mutanen bene za su fita?"

Ya yi murmushi, tambayar ta yi masa daɗi. Ya nuna da sanda. "Ga sababbin ƙofofi huɗu, kowace mota za ta iya wucewa ta ciki. Kowane sashe da tasa. A lissafinmu, cikin minti takwas fili ya watse."

"Ƙaramar Ƙofa fa?"

"Tana nan yadda kuka ce. Abin tarihi ce. Mun ware mata mutum ɗari uku, masu son ɗaukar hoto."

Sai Tela ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Ɗari uku! Malam, a wace duniya kake? Duk wanda ka gani a gabas ta nan yake fita. Jikana ma ɗaga shi nake ya mara. Ƙofofinka huɗu sai dai baƙi su bi."

"Gaskiya ne!" aka amsa daga ko'ina, cikin alfahari.

Sista ta ga murmushin Injiniya ya bushe. Ya cire gilashi, ya mayar. Ya sunkuya kan samfurin, ya bi matattakalar benen da yatsa, daga sama har ƙasa, yatsan ya tsaya daidai bakin lungun. Shi ya ɗauka ado suke so a bar musu. Su kuma ba su taɓa tunanin akwai mutumin da bai san ta nan ake fita ba, shi ya sa ba wanda ya faɗa masa.

"Dukkanku?" ya tambaya a hankali.

"Har da na bene, in Allah ya yarda," in ji Mai Ganga.

"To... za a iya sa alluna masu kibiya. A sa ma'aikata su riƙa nuna hanya."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko.

Sista ta ɗaga murya. "Na ƙirga, ba sau ɗaya ba. Mutum arba'in ke wuce ƙofar nan a minti ɗaya, saboda kowa sai ya tsaya ya yi tsalle. Yanzu ma da muke dubu biyar, kowane wasa sai na ɗaga wanda ya faɗi. A kakar nan kaɗai na farfaɗo da mutum tara. Ku ƙara dubu takwas suna gangarowa daga sama, na baya na turo na gaba, bango dama, bango hagu. Ina za su?"

"Kai, 'yar nan, mugun baki gare ki!"

"Allah ne ke tsarewa, Sista."

"Shi ne ya ba mu hankali kuma," ta ce. "A cire ƙarfen a kafa shi a sarari a waje, kowa ya mara har hannunsa ya gaji. A rushe lungun. Abin da nake roƙo ke nan."

Zaure ya ɗauki hayaniya. Tela ya nuna ta da yatsa. "Ke da aka haifa jiya za ki ce a tumɓuke ƙarfe? Ubanki ne ya ɗauko shi a kafaɗa! Shugaba, ka yi wa 'yarka magana mana."

Baba ya buga tebur. "Ya isa. An ji ra'ayin kowa. Injiniya, za ka iya canza ƙofar ba da yawunmu ba?"

"A rubuce sharaɗinku yake. Sai in ku kuka janye."

"To a kaɗa ƙuri'a. Wanda ya yarda da zanen yadda yake, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Na Baba ma ya tashi. Na dama.

Sista ta dubi mahaifinta. Ta yi masa alkawari da bakinta, yana kwance yana nishi. Tun tana ƙarama ba ta taɓa mayar masa da magana ba ko a ɗaki, balle a gaban mutum ɗari biyu da ke miƙewa in ya shigo. Ta kalli 'yan mutanen roba a kan matattakalar kwali. Magatakarda ya riga ya fara ƙirga layin farko.

"Baba," ta ce. Bai ji ba, ko ya ƙi ji. "Baba! Ka ɗaga na hagu."

Magatakarda ya tsaya. Kawuna suka juya. Mai Ganga ya kalli hannun da ke sama, ya yamutsa fuska. "Af! Shugaba, yaushe ka koma na dama?"

Baba ya kafe ta da ido, irin kallon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Ya sauke hannun dama. Ya fara ɗaga na hagu, a hankali, yana murmushin dole. Ya kai ƙirji. Ya kai kafaɗa. Nan numfashinsa ya sarƙe, gumi ya keto masa, hannun ya faɗo kan tebur da kansa.



"Banɗaki ne," in ji Tela, amma muryarsa ba ƙarfi. "Ai ya ce banɗaki ne."

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. "A ƙofar ne," ya ce. "Ranar da muka ci biyu da nema. Na yi tsalle, na sauko, ban sami ƙasa ba. Sun ɗauke ni sun haɗa da bango. Ba wanda ya san ni ne." Ya nuna Sista. "Yarinyar nan ce ta jawo ni da wuyan riga."

Hannuwa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Wasu dai suka bar nasu a sama, suna harararta.

"An ɗage ƙuri'a zuwa mako mai zuwa," in ji Baba. "Injiniya, yau akwai wasa ƙarfe huɗu. Za ka tsaya a ƙofar ka gani da idonka." Ya tashi ya fita ta ƙofar baya, bai dubi inda take ba.

Ba ta je gida cin abincin rana ba. Ta zauna a ɗakin agaji tana jera bandejin da yake a jere, tana tunanin fuskar mahaifiyarta in labari ya isa gida, da ko Baba zai ƙara kiranta Uwata. Kuma ɗage ƙuri'a bai ƙara wa ƙofa ko taƙi ɗaya ba. Wasan yau da maƙwabta ne, tun ƙarfe biyu sashen gabas ya cika har kan matattakala.

Saura minti biyar a tashi, ana ɗaya da ɗaya, ta ɗauki akwatinta ta tsaya a inda ta saba. Injiniya na gefenta, ya manne da bango, littafinsa a rungume a ƙirji, yana ta kallon ƙarfen da tafukan hannu suka goge har yana ƙyalli. Sama da kansu siminti na girgiza da tsallen jama'a.

Sai ga Baba ya gangaro lungun, lasifika a hannun dama, Mai Ganga da wasu ƙarti shida a bayansa riƙe da igiya mai kauri. Ya tsaya a gabanta. Bai yi murmushi ba.

"Sista," ya ce, "a ina za mu tare su?"

Ta nuna masa saman lungun. "Can sama, kafin su shigo lungu. Hamsin-hamsin za ku riƙa saki. Kai kuma, Baba, ka tsaya bayan igiya. Don Allah, bayan igiya."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya hau, yana dafe da gefensa. Tana kallon bayansa har ya kai bakin lungun, ƙartin suka ja igiya daga bango zuwa bango. Ba ta san ko mutum dubu biyar za su saurari tsoho ɗaya da igiya ɗaya ba.

Alƙalin wasa ya busa usur. Ta buɗe murfin akwatin, ta ji ƙafafu sun fara gangarowa.