Fiffiken Fankar Auta

Tana tsakar wanki labarin ya iske ta. Babban ɗanta ya shigo ba sallama, ya tsaya bakin famfo yana kallon kumfa.

"Inna, motar su Auta ce," ya ce.

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta zauna a ƙasa.

Auta tun tana ƙarama ba ta ganin abu a haɗe ta ƙyale. Rediyo, agogo, tocila, duk sai ta ga hanjinsu, har yayyenta suka sa mata Ɓarnau. Da ta girma sai ga wani kamfani ya ɗauke ta tana zana masa kayan gida. Fankar ɗakin Inna ta gwaji ce, Auta da hannunta ta haɗa: ba gam ko ɗigo, komai a ɗaure da noti, roba daban, ƙarfe daban, don in ta gama aiki a narkar da kowanne ya koma wani abu.

Bayan rasuwar, wata rana ƙafar Inna ta ja waya, fankar ta kifa, fiffike ɗaya ya tsage. Ta sayo gam a kanti. Tana ƙoƙarin huda bakinsa Dogo ya yi sallama, abokin aikin Auta da ke leƙo ta lokaci-lokaci.

"Inna, gam? Da mai ita na nan, da ni da ke mun sha faɗa."

"Kai dai ka sha. Ni na haife ta."

"Ki ba ni a narkar, in kawo miki sabo."

"Sabon, hannunta ya taɓa shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Bai taɓa ba. Amma in kika liƙe shi, injinmu ba ya karɓa. Ƙarshensa bola."

Ta daɗe tana shafa tsagar da babban yatsa. Abin da ya rage mata daga hannun yarinyar ke nan, kuma yarinyar ba ta yi shi don bola ba.

"Miƙo abin kwancewar," ta ce. "A'a, zauna, ni zan yi."

Notin ya saki ba gardama, har ta ji haushin sauƙinsa. Ta naɗe fiffiken a ɗankwali ta miƙa.

"Me zai zama?"

"Allah masani, Inna. Wataƙila mariƙin dutsen gugar wata."

"To, Allah ya sa mai tsabta ce."

Sabon da Dogo ya kawo ya fi 'yan'uwansa fari, bai saje ba har yau. Kullum da safe Inna takan ɗauraye robobin da aka gama da su, ta cire murafe daban, ta ajiye wa masu tarawa a bakin ƙofa.