Farin Ƙyallen da Aka Hana Thoai

Fitsari ne ya saukar da Thoai daga motar. Tun daga Phan Ri yake daurewa, don kunyar matar da ke kujerar gaba, wato Tuyet, uwar Luan, yaron da zai auri 'yarsa Diep a wata mai kamawa. Da suka iso wajen Ca Na, inda hanya take rarrafe a gefen teku, sai ya ce wa Luan ya ɗan tsaya, wai yana son shan iska.

"Ku je ku sha, Baba," in ji Diep daga gefensa, tana danne dariya. "Amma ku juya wa iskar baya, kada ta dawo muku da abinku."

Tafiyar ta Tuyet ce. Daga Saigon ta taso takanas, ta ce da bakinta za ta ɗanɗana giyar da za a sha a bikin, da idonta za ta zaɓi tukwanen furen da za a jera a ƙofa. Diep ta roƙa a biya da ita gidan adana zane-zane na Phan Rang. Shi kuwa Thoai an ɗauko shi ne don kada a ce an bar uban amarya a gida. An sa masa riga mai maɓalli har wuya da baƙin takalmi mai matse ɗan yatsa.

Ya gangara bayan manyan duwatsun nan masu kama da giwaye a durƙushe. Yana zagayawa sai ya ga Kaka.

Masunta ba sa ce masa kifi. Wannan ƙaton da yake feso ruwa ta tsakar kansa, wanda yake tallafe jirgi da gadon bayansa ran da guguwa ta taso, Kaka suke ce masa, da ladabi. Ga shi kwance a gefe guda, matacce, tsawonsa ya kai na kwalekwale, bayansa baƙi wul, cikinsa fari da tsaga-tsaga kamar kunyoyin gona. Idonsa ɗan ƙarami ne, bai fi na saniya ba, a buɗe rabi. Thoai ya tsaya yana mamakin yadda halitta mai wannan girma take kallon duniya ta 'yar wannan taga. Sannan ya dubi rairayi. Babu sawun kowa, sai na ƙaguwa.

Kowane yaro a bakin tekun nan ya san hukuncin: wanda ya fara ganin gawar Kaka, shi ne babban ɗansa. Shi zai kira gari, shi zai ɗaura farin ƙyalle a ka, ya yi tafiya a gaban makara, ya yi makoki irin na uba har shekara uku. Kuma gidan da ake makoki ba a ɗaura aure a cikinsa.

Thoai ya tsufa a kan ruwa kafin ciwon ƙafa ya mayar da shi sana'ar jiƙa kifi da gishiri a randa don yin romo. Ubansa ma, a faɗarsa, Kaka ne ya taɓa turo shi gaɓa a wata guguwa, shi da guntun katako. Amma Diep ta haura talatin. Tuyet kuwa da ƙyar ta yarda da 'yar masunci, kuma ta riga ta sa mai duba ya tsayar da rana, ta ce irin ranar ba ta zuwa sau biyu.

Bai rusuna ba, don rusunawa amsa kira ce. Ya juya. Ya bi ta bakin ruwa inda igiyar ruwa za ta lashe sawunsa, ya hau hanya. Fitsarin ma ya manta da shi.

"Kai, Baban Diep, wanka kuka yi?" in ji Tuyet tana kallon takalmansa.

"Igiyar ruwa ce ta shammace ni, Maman Luan."

"Masunci guda, ruwa ya shammace shi! To mu 'yan birni ina za mu sa kanmu?"

Aka yi dariya. Shi ma ya buɗe baki, abin da ya fito bai yi kama da dariya ba.

A gidan zane-zanen akwai sanyi, ga ƙamshin man goge daɓe. Takalman Thoai suna ƙugi duk inda ya taka, mai gadi yana binsa da ido. Akwai gumakan dutse na mutanen da, wasu ba kai, wata mai rawa ta ɗaga ƙafa tun zamanin da ba wanda ya sani, har yau ba ta sauke ba. A wata rana daban da Thoai ya daɗe a gabanta yana tausaya mata. Diep ta ja shi gaban wani babban allo baƙi mai sheƙi.

"Baba, ku matso ku gani. Duk farin nan ɓawon ƙwai ne. Farfasa shi ake yi, a liƙa ɗaya bayan ɗaya, a shafe da ƙaro, a yi ta gogewa har ya fito."

Bakin teku ne aka zana, fari fat, ba mutum ko ɗaya a kansa.

"To ƙwan fa?" in ji Luan. "Wa ya cinye?"

"Kai dai cikinka ka sani."

Thoai yana kallon farin rairayin na ɓawo, yana neman inda za a ce ga baƙin abu a kwance. Ya duba taga. Rana ta ɗaga. Ya san abin da rana take yi wa fatar Kaka: ta bushe, ta tsage kamar ƙasan tafki. Ya san hankaki ido suke fara nema.

"Bai burge ku ba?" in ji Diep.

"Ya yi kyau, 'yata. Sai dai ba kowa."

Suka ci wainar shinkafa a bakin hanya, irin wadda ake toyawa a tandar ƙasa a fasa ƙwai a kai. Thoai ya tsoma guda a romon kifi ya bar ta a ciki har ta narke.

Gonar inabin tana can bayan gari, inda iska ba ta hutawa, tumaki suna kiwo a tsakanin ƙaya. An ɗora inabin a rumfuna, sai mutum ya sunkuya yake wucewa, nonnan suna shafar kansa. Mai gonar, wani ƙaƙƙarfan mutum mai jan hanci, ya jera ƙananan kofuna a kan benci a inuwa. Tuyet ta kurɓa wannan ta yatsine, ta kurɓa wancan ta ɗaga gira.

"Wannan ta yi zaƙi, kamar ta yara. Wannan kuma kamar an wanke tukunya. Ba ka da wadda kake ɓoye wa baƙin arziki?"

"Uwar ango, wadda nake ɓoyewa matata ta riga ta gano inda take."

Ya kawo wata, ja mai duhu. Tuyet ta yarda da ita. Mai gona ya cika kofi ya miƙa wa Thoai da hannu biyu.

"Uban amarya, ku za ku buɗe mana. A shanye duka, ba a barin saura!"

Thoai ya karɓa. Ɗan da ubansa yake kwance ba a binne ba, ba ya ɗaga kofin murna. Amma ai shi ya ce ba ɗan ba ne. Duk suna kallonsa. Ya rufe ido ya ɗaga kofin ya shanye, aka tafa masa. Kunnuwansa suka ɗau zafi tun kafin giyar ta isa ciki.

"A'a, dubi yadda ya yi ja!" in ji Tuyet. "Baban Diep, ran biki sai dai mu ba ku ruwan kwakwa."

Daga nan sai shagon shuke-shuke, a kan hanyar komawa. Wuri ne mai ban mamaki. Ga itatuwan tsamiya da suka girmi Thoai amma ba su wuce gwiwarsa ba, an naɗe rassansu da waya an koya musu sunkuyo. Ga furen takarda, ja da ruwan hoda, yana zubowa daga tukwane kamar ya sha giya shi ma. Matar shagon tana jan baƙar raga a kan 'yan tsirrai.

"Ranar nan ba ta da imani," ta ce. "In ka bar abu a cikinta rabin yini, sai dai ka zo ka kwashe."

Thoai ya bar su suna ciniki ya bi layin tukwane. Bai san lokacin da ya ɗauki ɗaya ba. Sai muryar Tuyet ya ji a bayansa.

"Baban Diep! Mene ne wannan a hannunku?"

Ya duba. Tukunyar rawayan furen nan ce da ake ajiye wa matattu.

"Haba! Biki za mu yi ko jana'iza?"

"Jana'iza," in ji Thoai.

Ya faɗa musu labarin Kaka, kansa a ƙasa, yana magana da tukunyar. Bai rage komai ba, har bin bakin ruwan da ya yi.

"Tsaya, tsaya," in ji Tuyet. "Duk wannan a kan kifi ne?"

Matar shagon ta ja numfashi ta rufe baki da hannu. Thoai bai damu da Tuyet ba, ba ta sani ba ne. Diep yake tsoro. Ita da ta tashi tana kai turare haikalin Kaka duk ran da ya fita teku.

"Tun safe, Baba?" ta ce a hankali. "A cikin ranar nan?"

"Saboda ke na yi."

"Kada ku ce saboda ni. Don girman iyayenku kada ku ɗora mini."

Luan ya ɗan yi wa uwarsa bayani a kunne. Fuskarta ta canja.

"Shekara uku? Baban Diep, ni ba na son rigima. Amma in kuka ɗaura ƙyallen nan, ranar ta wuce, kuma ban yi alkawarin zan nemo wata ba."

Diep ta dubi Luan. Idonta ya cika.

"Tayar da mota."

Kwalaben giya suna ta karo da juna a bayan mota.

Tun daga nesa suka ji ganga. Rana ta karkata, bakin tekun ya cika da mutanen ƙauyen da ke bayan duwatsun. An kafa rumfa a kan Kaka, an lulluɓe shi da jan yadi, hayaƙin turare yana bin iska. Mata suna ɗebo ruwan teku suna zuba masa a jela. A wajen kansa wani ramammen mutum mai ido ɗaya yana durƙushe yana kuka da gaske, da farin ƙyalle ɗaure a goshinsa.

Thoai ya cire takalmansa ya bar su a kan dutse. Ya nemi dattijon haikalin, wani tsoho mai baƙin rawani da haƙori biyu, ya durƙusa a gabansa, ya ce shi ya fara gani, da sassafe.

Ganga ta tsaya.

"Kai ɗan ina ne?" in ji tsohon.

"Phan Ri."

"Masunci?"

"Da."

"To, ka gan shi. Sai ka yi me?"

"Na tafi."

"Ina?"

Tsohon ya matso da hancinsa ya shinshina, ya juya ga jama'a.

"Ya tafi shan giya."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Mai ido ɗayan ya miƙe yana dafe ƙyallensa da hannu biyu kamar za a fizge.

"Kawu, kada ku saurare shi! Ni na kori hankaki, ni na cire rigata na rufe masa ido. Ina yake lokacin? Yanzu da aka gama wahala zai zo da rigar maɓalli ya ce uban nasa ne?"

"Zauna, Bon, ba mai taɓa ka." Tsohon ya dubi Thoai, ya daɗe yana tauna bakinsa. "Me ya kore ka?"

"Auren 'yata."

Tsohon ya waiga inda Diep take tsaye kusa da Luan, hannuwanta a harɗe a ƙirji.

"To je ka aurar da ita. Kaka ya sami ɗa. Ba ma canja masa a yini ɗaya kamar ɗan haya."

"Ku bar ni ko igiyar jan Kaka in kama," in ji Thoai.

"Igiya ta kowa ce. Koma baya."

Aka ɗaura igiyoyi, za a ja Kaka zuwa ramin da aka haƙa a tudu. Thoai ya bi layi har ƙarshe, bayan samari, bayan tsofaffi, inda igiyar ta rage guntu mai ja a ƙasa. Wanda ke gabansa ya waigo ya dube shi, ya matsa gaba kaɗan don kada kafaɗarsu ta haɗu. Aka ba da murya, aka ja. Thoai ya ja da duk ƙarfinsa, har tafin hannunsa ya saluɓe, ko da yake ya san daga inda yake ba nauyin da ke iso shi.

Da ya dawo mota, Tuyet ta sauke gilashi, fuskarta a sake.

"To, Baban Diep, an rabu lafiya. Ranar tana nan ke nan?"

"Tana nan, Maman Luan."

Diep ta buɗe masa ƙofa, ta matsa can jikin taga ta ba shi wuri, wuri mai yawa. Ya shiga ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, tafin a ƙasa.