Sunan Rahila a Bakin Atamfa

Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, samun bizarta ya zama jan aiki. 'Yan Kantin Kwari da yawa sun haƙura da tafiya, amma Hajiya Rahila ta nace, ta yi ta zarya tsakanin Kano da Abuja har aka buga mata 'yan kwanaki a fasfo. Dole ce ta sa. Azumi ya matso, kuma tana da atamfar Sallah a wani kamfani a bayan garin Guangzhou, tana so ta gan ta da idonta kafin a ɗora a jirgi.

Atamfar ba irin ta kowa ba ce. Rahila ɗinki ta yi shekara da shekaru kafin ta buɗe shago, ta san abin da ke tsayar da mace a bakin kanti. Ita ta zauna ta fitar da zanen da hannunta, ta ɗauko shi daga saƙar wani tsohon faifai na kakarta, ja da baƙi da ruwan ƙwai, ta kuma ce a buga sunanta a bakin kowane turmi. Samfurin ta bar shi a hannun Munkaila, ƙanin mijinta, mai ofis a benen Tianxiu da ke cikin garin, wanda aikinsa ke nan, ya karɓi odar mutanen gida ya bi musu kaya har a loda. Abu ɗaya ta roƙe shi, kada idon kowa ya kai kan zanen nan sai ya sauka a shagonta. Ya yi dariya ya ce ko matar da zai aura ba za ta gani ba.

Washegarin saukarta Munkaila ya bugo ya ce wani uzuri ya taso, sai jibi za su je kamfani. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwannin sari na titin Liuhua don ta haɗa gyale da takalma. Zafi ne mai danshi, irin wanda tufa ke manne wa mutum a baya. Lungunan kasuwar a cushe, masu turin kaya na ta yi wa mutane tsawa su kauce, kowane shago da 'yar talabijin ɗinsa ana kallon masu iyo da masu tsalle, ka yi magana sai a miƙo maka kalkuleta ido na kan wasa. Ta yi ciniki a wuri biyu, ta karya kwana za ta hau bene na gaba, sai ta tsaya cak.

Faifan kakarta ne a rataye tun daga rufin wani shago har ƙasa. Da mai ja, da mai kore, har da wani shuɗi mai kashe ido wanda ita ko a mafarki ba za ta haɗa ba. Ta matsa ta kama bakin zanen ta juya. Ga sunanta nan, harafi bai ɓace ba.

Kafin ta dawo hayyacinta ta ji an yi mata sallama. Alhaji Maidaji ne, wani dattijon ɗan kasuwa na Maraɗi da suka saba haɗuwa a jirgi, yana zaune a kan kujerar roba ana ɗaure masa diloli. Ya yi mata barka da arziki, ya ce wannan zane nata ya karɓu, shi kansa sawu na biyu ke nan yake ɗauka. Na farkon ya bi ta Kwatano tun watan jiya, ya wuce duwan, wato kwastan, yanzu haka yana Maraɗi, kafin a ga wata ya shiga Kano.

"Wa ya ba ka, Alhaji?"

Dattijon ya dubi fuskarta, murmushinsa ya ɗauke. Ya rantse mata shi a rataye ya gani kamar yadda ta gani, ya ɗauka ita ta saki kayan.

Rahila ta buɗe robar ruwanta, ta jiƙa gefen farin hankici, ta murza a kan jan. Hankicin ya fito kamar an yanka kaza a kansa. Yadin ma shara-shara, sitati ne kawai ya riƙe shi. Wanki ɗaya zai zuba, ya ɓata duk abin da aka jiƙa tare da shi, kuma matar da ta saya ba China za ta zaga ba, sunan da ke baki za ta karanta. Zuciyar Rahila ta tafasa. Ta fizgo turmin da ke rataye, ta buga shi a kan teburin mai shagon, wata mace mai gajeren gashi da kowa ke ce wa lawban, wato shugaba. Da Turancin kasuwa da nuni ta tambaye ta inda ta samo. Matar ta yi ta kaɗa hannu tana cewa meyo, meyo, wai babu matsala. Da ta ga mutane sun fara taruwa, sai ta latsa wayarta ta juyo da ita. Lambar Munkaila ce da sunansa. Ta ce shi ya ce wa kamfani su buga, ba laifi.

Abin da ya ƙara ƙona mata rai, matar ta hana ta fita da turmin sai da ta saya. Ta sayi zanen hannunta da sunanta a jiki, ta cusa a leda, ta tari tasi zuwa Tianxiu. Ofishin a buɗe, Munkaila ba ya nan. Abokin zamansa ya yi ta kame-kame, sai da ta ce za ta zauna a ƙofa har gobe, sannan ya faɗa mata ya tafi unguwar Tianhe sayen waya, ya rubuta mata sunan kantin da rubutun China don ta nuna a hanya.

Ba ta taɓa shiga irin waɗannan kantuna ba duk zuwan da take yi, don ba nan ake sari ba. Sanyi ya buge ta tun daga ƙofa. Ƙasa kamar madubi, ƙamshin turare ko'ina, 'yan mata cikin kaya iri ɗaya suna rusunawa a bakin shaguna, babu mai ɗaga murya, babu mai tayawa. A tsakiyar ginin an kafa wani ƙaton allo, jama'a sun kewaye shi da 'yan tutoci suna tafi. Ita kuwa ga gumin kasuwa bai bushe ba, ga leda a hannu, duk inda ta gifta sai an bi ta da kallo. Ta hau matakala mai tafiya da kanta, ta bi shagunan waya ɗaya bayan ɗaya.

A bene na sama ta same shi, ya jingina da gilashi ana nuna masa wata waya mai ruwan hoda. Yana ganinta ya sha jinin jikinsa, amma ya yi ƙarfin hali ya fara irin wasan da suka saba, na ƙanin miji da matar wa. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba. Ta zaro atamfar ta warware ta a kan gilashin, ta rufe wayoyin gaba ɗaya, ta ɗora jan hankicin a kai.

Daga nan ta wanke shi tas. Ta tuna masa ita ta sa yayansa ya yarda ya zo China lokacin da yake zaman banza a Fagge. Ita ta jawo masa matan layinsu suka ba shi oda. Ta ce da kaya ya sace mata da ta fi samun sauƙi, amma suna ya sayar, sunan da ta yi shekaru tana tarawa yadi-yadi a bakin keke. Muryarta ta cika benen. Yarinyar shagon ta ja da baya tana danna waya, masu wucewa suka tsaya.

Munkaila ba ita yake kallo ba. Bayanta yake kallo, gumi na karyo masa duk da sanyin wurin. Ta waiga. Masu gadi biyu ne ke tahowa, ɗaya na magana a oba-oba, can ƙasa kuma a bakin ƙofa ga 'yan sandan da aka baza saboda wasannin, waɗanda a kwanakin nan baƙar fata ba ya wuce su ba a tambaye shi fasfo ba.

"Yaya, don girman Allah ki rage murya," in ji shi. "Bizata ta mutu tun watan Mayu."

Cikin sauri ya zayyana mata sauran. An hana sabunta biza, mutane na ta komawa gida, sai mai kamfanin ya ce zai ɗauke shi a matsayin ma'aikaci ya sama masa zama, in ya bari a buga zanen a yadi mai araha a zuba kasuwa. Ya yarda. An buga. Maganar zama kuwa kullum sai a ce masa bayan Olamfik.

Wato ya sayar da ita, ko ladan cin amanar ma bai karɓa ba. Rahila ta ji kamar ta shaƙe shi. Ta san kalma ɗaya za ta ƙara da ƙarfi, masu gadin su kira na ƙasa, a tafi da shi inda sai an yi watanni kafin a ji ɗuriyarsa. A wannan lokacin har ranta ta so hakan. Sai fuskar surukarta ta faɗo mata, tsohuwa mai hawan jini wadda ta rako ta har bakin mota da ƙullin yaji da kilishi ta ce a kai wa autanta.

Masu gadin suka iso. Rahila ta ƙaƙalo murmushi, ta nannaɗe atamfar. Ta nuna Munkaila ta ce da Turanci ƙaninta ne, zancen gida suke yi. Ta miƙa nata fasfon tun ba a tambaya ba, suka juya shi suka ga biza da ranta. Ta ce meyo, babu matsala, kalmar da ɗazu ta kusa sa ta mari mai shago. Suka yi musu nuni su yi ƙasa da murya, suka juya.

Wannan murmushin shi ya fi komai ci mata rai. Ya cuce ta, kuma ita ce ta yi ƙarya ta rufa masa asiri, ko faɗan ma bai bar ta ta gama ba. Suka sauko ta ƙofar baya inda ake shigo da kaya, yana biye da ita yana ba da haƙuri. A bakin titi ta juyo.

"Ba don kai na yi ba, don Inna na yi. Kilishinka yana masaukina, ka aiko a ɗauka. Kada ka zo da kanka."

Kamfanin ta je tare da Alhaji Maidaji, wanda kunya ta sa ya nemo mata mai fassara. Mai kamfanin ya ba su shayi, ya saurara, ya ce shi da wakilinta ya yi magana. Ta buga tebur, bai ko ɗaga gira ba. Abin da ta iya samu kawai, ya yarda ya daina sa sunanta a bugu na gaba. Nata kayan masu kyau suna nan yadda ta ce, ta duba, ta sa aka ɗora.

Ko da kayan suka iso Kano, na bogin ya riga ya cika Kwari, har a baro ana tallarsa. Mata suka riƙa shigowa shagonta bayan Sallah da zane a leda, ya zuba ya dame, suna nuna mata sunanta. Wasu ta yi musu bayani suka gane, wasu suka fita suna zagi. Nata na gaskiya ta karyar da shi kafin ya fita. Alhasan, mijinta, ya so ya sasanta, ya ce yaro ne, tsoro ne ya sa shi. Ta ce masa in yana son zaman lafiya a gidan kada ya sake ambata mata China da sunan ƙaninsa a zance ɗaya.

Ba a kai Babbar Sallah ba aka kama Munkaila a wani samame a unguwar Xiaobei. Ya yi zaman da ya yi a tsare, aka sako shi a jirgi da kayan jikinsa. Ranar da ya zo gidan don ya gaishe su ya rame, wuya ya fito. Ya durƙusa a tsakar gida ya gaishe ta. Rahila ta amsa a taƙaice, ta zuba masa shinkafa da miya har da nama biyu, ta ajiye masa ruwa, sannan ta ɗauki mayafinta ta tafi kasuwa ta bar shi da yayansa.