Gawon Kan Iyaka

An mayar da gawon raminsa da safiyar wata Laraba, a gaban maigari da masu gona biyu, kuma Abdulgafar ne da kansa ya riƙe shi ana tura ƙasa. Kafin azahar an sauke hoton gawon daga goshin gurup ɗin masu bonsai, aka maido da na aduwar Basiratu.

Abdulgafar mai gyaran rediyo da salula ne a bakin tashar Filinge. Shi ne mutum na farko daga ƙasar Kurfai, yankin nasu na Filinge, da ya shiga gurup ɗin, wani zauren WhatsApp na masu renon icce a cikin tasa: a datse saiwa, a rage reshe, a lanƙwasa abin da ya saura, har icce ya tsufa bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Yawancin mutanen ciki 'yan Yamai ne, sai kaɗan daga Maraɗi da Sakkwato. Madam Anisa, wata mai sayar da furanni a Yamai, ita ke riƙe da gurup ɗin, kuma duk farkon wata takan zaɓi icce ɗaya ta ɗora hotonsa a goshi, wato hoton da ke saman gurup ɗin. Ba a ba da kyauta. Hoton ne kawai, da sunan mai shi.

Tsamiya Abdulgafar ke reno, daga ƙwallo. Ya shuka su a gwangwanayen tumatir bayan shagonsa, yana naɗe musu rassa da wayar jan ƙarfe da yake warwarowa daga matattun fankoki. Duk Juma'a sai ya ɗauki hoto ya tura. Amsar ba ta canzawa: "Da kyau, a ci gaba da haƙuri." Wani lokaci babban yatsa kawai ake ɗaga masa. Bai damu ba, don a ganinsa kowa ya san daga ina yake turowa, kuma ba shi da na biyu a nan.

Na biyun shi ya kawo ta da hannunsa. Basiratu taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa, ungozoma a Bonkuku. Ranar wata kasuwa ta kawo salularta gyara, ta leƙa bayan shago, ta riƙe baki.

"Taubashi, mi na wanga? Tsamiya ko tsinken sakace?"

"Abin ya fi ƙarfin kanki," in ji shi. "Ke dai tsaya ga awon ciki."

Don ta ga irin mutanen da yake hulɗa da su, ya sa lambarta a gurup ɗin, ya kuma ba ta ƙullin waya.

Ta yi shiru a ciki har ya manta da ita. Sai ga hoto wata rana da hantsi. Aduwa ce da ta tono a bayan dangar gidanta, inda awaki suka yi shekara da shekaru suna cinye mata kai. Gindinta ya kai kaurin wuyan hannu, a murɗe, da tsagewa a gefe guda. Ta dasa ta a tsohon kaskon tuya mai ɓallen baki. Salular Abdulgafar ta yi ta ƙara a kan tebur yana tsakiyar liƙa wayar rediyo. Mutanen da ba su taɓa rubuta masa jimla cikakkiya ba suka dinga tura saƙon murya. Wani daga Maraɗi ya tambaye ta wa ya koya mata.

Abdulgafar ya ajiye ƙarfen liƙi, ya jira sunansa.

"Awaki," ta rubuta.

Aka yi ta dariya. Farkon wata aduwar ta hau goshi. Wata na gaba Madam Anisa ta ce ba ta ga wanda ya ture ta ba, ta bar ta. Duk sanda Abdulgafar ya buɗe salula, kaskon nan ne ke fara kallonsa. Ya daina tura tsamiyoyinsa. Ba wanda ya tambaya.

A ƙarshen bazara, gonaki duk a share ana jiran ruwa, ya rufe shago da rana tsaka ya hau babur da hauya da gatari da buhu. Ya bi hanyar Bonkuku, ya ratse gabas cikin rairayin busasshen kwarin da ake kira dallol, yana duba duk wani abu da akuya ta taɓa. A bayan wani ƙauye ya same shi: gawo, bai kai gwiwa ba, amma gindinsa ya ninka na aduwar Basiratu. Fari ne, ya kwanta gefe sannan ya miƙe, rassansa cunkus da ƙananan ganye. Dabbobi sun yi masa aikin da hannu ba zai iya ba.

A gindinsa akwai jajayen duwatsu a jere, rabi a binne, da sauran shuɗin fenti a kansu. Abdulgafar ɗan ƙasar ne. Ya san ba iska ke jera dutse ba, ya san kuma abin da fenti yake nufi a tsakanin gona da gona. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa sai zafi. Ya ture duwatsun da ƙafa ya fara tono.

Saiwar gawo ƙasa take nufa kai tsaye. Ya tona har kafaɗarsa ta shige ramin, saiwar ba ta ko rage kauri ba. Ya sa gatari. Da zai tafi ya ɗauki dutse ɗaya, mafi kyan siffa, ya jefa a buhu.

Ya dasa gawon a faffaɗan faranti, ya kafa dutsen a gindinsa don ado, ya rataya farin zane a baya, ya jira hasken la'asar. Hoton ya yi kyau. Wannan ba wanda ya musa har yau. Saƙonni suka zubo. Madam Anisa ba ta ma jira farkon wata ba. Abdulgafar ya ɗora hoton a status ɗinsa, ya kuma tura wa duk wanda ya taɓa kawo masa gyara. Amma abin da ya fi dubawa shi ne jerin waɗanda suka gani. Basiratu ta gani. Ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi masa duk yabon daɗi.

Ruwan shuka ya sauka a makon. Kwana kaɗan bayan haka ta kira shi.

"Taubashi, dutcin da ka aza gindin gawonka, ina ka samo shi?"

"Daji. Ko dutci ya ƙare a daji?"

"Da shuɗin fenti?"

"Ke dai ce ya yi miki ciwo. Kasko ya sauka, shi ke nan an hwara bincike."

"Ka ji ni da kyau. Baba Magagi, kawun maigidana, da Sambo mai shanu sun kusa ɗaga ma juna hauya jiya wurin shibka. Gawon da ke raba gonakinsu ya ɓace. Kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya cire shi don ya ci iyaka."

"To ni mi ya shahe ni?"

"Ni ban hwaɗa ma kowa ba. Amma kai ka aza shi status, Hilinge duk ta gani. Ka kai abinsu da ƙahwarka tun ba a zo ba."

"Hassada dai ba ta da magani, Basiratu."

Ta yi dariya, gajeriya. "Wallahi ba ta da shi," in ji ta, ta kashe.

Bai kai ba. Ya zauna yana kallon farantin, inda ganye ya riga ya fara zuba a kan dutsen. Ranar Talata ɗan saƙon maigarin ƙauyen ya tsaya a ƙofar shago, da hoton a salularsa.

Washegari aka taru a gonar. Ruwa da iska sun shafe ramin, duwatsun da ya ture kuma sun watse. Magagi, tsoho mai gajeren gemu, ya dunguri ƙasa da sanda ya ce nan ne. Sambo ya taka gaba, ya tsallake layukan shuka da dama, ya ce a'a, nan ne. An taɓa raba su a kan wannan wuri shekarun baya, fentin ma daga wancan zaman ya samo asali. Maigari ya juyo.

"Kai ka tona. Nuna muna."

Abdulgafar ya ajiye farantin, ya yi ta zagaye yana auna wurin da wani babban gawo da ya tuna yana bayansa. Ya nuna. Aka tona, ba komai. Ya matsa, aka sake tonawa. A rami na gaba hauya ta ci karo da kututturen saiwa, da saran gatari a kansa. Wurin bai yi daidai da na Magagi ba, bai yi daidai da na Sambo ba. Sai duk biyun suka haɗu a kan Abdulgafar.

"Duk iccen Allah da ke cikin dajin ga," in ji Sambo, "sai wanda ke riƙe da zaman lahiyarmu?"

Magagi ya sunkuya yana duban farantin. "Ɗana, cikin tasa? Miya za ka yi da shi?"

"Ado ne, Baba. Ana ɗaukar hoto."

"Hoto," in ji tsohon, ya dubi Sambo. Karon farko ke nan da suka dubi juna tun safe.

Hukuncin maigari gajere ne. A mayar da gawon bisa saiwarsa, a mayar da duwatsu. Abdulgafar zai kewaye shi da ƙaya, ya kawo ruwa duk sanda sama ta yi jinkiri, kuma ba wuƙa ba waya a jikinsa. Idan an girbe hatsi ya fitar da ganye, magana ta mutu. Idan bai fitar ba, za a miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji, don gawo ba iccen da ake sara ba izini ba ne.

Ba wanda ya ce a duba kafin nan, don ba abin dubawa. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya fari fat kamar matacce, sai kaka ya yi kore. Mai rai da matacce kamanninsu ɗaya har ruwa ya ɗauke.

Labari ya kai gurup kafin Abdulgafar ya kai gida. Madam Anisa ta rubuta cewa ba a tono a gonar mutane, ta sauke hoton, amma ba ta cire Abdulgafar daga gurup ba. Ta ƙara da cewa idan gawon ya tashi, a turo, za ta ɗora hotonsa a goshi, yana tsaye a gonar, da ƙayarsa.

Yanzu duk Juma'a yana ɗaure bido biyu na ruwa a babur ya nufi gonar. Yana ɗaukar hoto ya tura: farin sanda a tsakiyar ƙaya, hatsi na tasowa dama da hagu. Ana ɗaga masa babban yatsa.

A makon jiya Basiratu ta turo aduwarta da sabon toho, reshe ɗaya a naɗe da jan ƙarfe. Mutumin Maraɗi ya tambayi inda ta samu wayar.

"Taubashina Abdulgafar ya ba ni," ta rubuta. "Shi ya sa ni cikin abin ga tun farko."

Ya karanta a tsaye a bakin gonar. Ya buɗe hoton, ya ja shi da yatsu biyu har ganyen ya cika fuskar salular, yana neman inda wayar ta ci ɓawo, ko ya kama ta da kuskure. Bai samu ba.

Hatsin Magagi da na Sambo ya kai ƙugu. Gawon bai da ganye ko ɗaya, kamar kowane gawo a dallol.