Hannun Thaddeus a Cikin Hayaƙi

Su uku ne a ƙungiyar kiɗan, kuma babu mai rera waƙa a cikinsu. Delphine ke kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya da ake ji har cikin ƙirji. Yayanta Thaddeus yana kan ganguna, sai Renard, wanda jitarsa ke kuwwa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Tunda ba sa buɗe baki a kan dandamali, da ido suke magana. Idan Delphine ta ɗaga wuyan jitarta sama, kiɗa ya ƙare ke nan. Idan kuwa ta ɗauke hannu ta yi shiru, ta bar wa mai ganga fili ne ya nuna bajintarsa shi kaɗai. Haka suke yi tun suna kiɗa a garejin mahaifiyar su Delphine a garin Lafayette.

Ranar wani babban bikin kiɗa, suna bayan rumfar da za su yi wasa suna cin dafa-dukar jambalaya a tsaye, Delphine ta ga cokali yana rawa a hannun Thaddeus. Hannun daman nan ne. Tun bara yake ƙagewa idan kiɗa ya yi tsawo, yatsun su dunƙule su ƙi buɗewa.

"Yaya, ya hannun?"

"Wanne? Biyu gare ni."

"Ka san wanda nake nufi."

"Ke dai ci abincinki, sarauniyar sa-ido." Ya mayar da cokalin hagu. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na faɗa miki, ranar da sandar ganga ta faɗi daga hannuna a gaban mutane, ranar na gama. Ba zan zama wanda ake tafa wa don tausayi ba."

"Ba za ta faɗi ba. Idona na kanka. Da na ga ka fara cije leɓe zan ɗaga jita mu rufe."

Sai ga Renard cikin rigarsa mai furanni, yana washe baki. "Jama'a, na gyara mana harka. Na ce wa mai fitilu ya ba mu hayaƙi, ya ƙure injin. Yau sai mutane sun ɗauka a cikin gajimare suke."

"Kai da kullum can kake kwana," in ji Thaddeus.

Suka yi dariya, har da ita. Ba wanda ya tuna cewa rumfar rufe take ta ko'ina, kuma ranar ko ganye ba ya motsi.

Da farko abin ya yi kyau. Mutane suka baro manyan dandamali suka cika rumfar, zufa na zuba, kowa na lilo a hankali. Hayaƙi ya rufe wa Delphine ƙafa, ya zama shuɗi, ya zama ja. Ya kai gwiwa. Da ta sake waiwayawa, babu Thaddeus, babu ganguna, sai farin bango mai sauya launi.

Amma tana jin sa. Ta san bugun hannun nan kamar yadda ta san takun mahaifiyarsu. Faifan ƙarfen da yake bugawa da dama ya fara makara, kaɗan dai, yadda ba mai lura sai ita.

Ta ɗaga wuyan jitar. Kiɗa ya ci gaba. Ta ƙara ɗagawa har kafaɗarta ta yi zafi. Ta ƙwala masa kira, lasifika ta haɗiye muryar. Ta nufi inda yake, wayar jitar ta fizge ta baya. Renard kuwa inuwa ce kawai can gefe, kuma ta tabbata idonsa a rufe yake.

Faifan ya ƙara makara. Sai ta yi abin da ya fara zo mata: ta ɗauke hannu. A ganinta idan babu bes, kiɗan zai mutu da kansa.

Sai da shirun ya sauka ta tuna ma'anar ɗauke hannu a wurinsu.

Renard ya ji bes ta ɗauke, shi ma ya ja baya kamar kullum. Aka bar Thaddeus shi kaɗai, rumfa ta ɗauki ihu. Ya karɓa kuwa, don bai taɓa ƙin karɓa ba. Gangunan suka ɓarke kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano.

Ta yar da jitar, ta kutsa cikin hayaƙin tana lalube, ta yi tuntuɓe da wayoyi, ta tashi. Da ta same shi, leɓensa na jini.

"Yaya, bari! Ba haka nake nufi ba! Don Allah ka bari!"

Ya dube ta, ya girgiza kai. Mutane na kiran sunansa, ta ina zai tsaya? Tana tsaye, kusa da shi yadda za ta iya taɓa shi, ta ga yatsun sun murɗe. Sandar ta suɓuce, ta gangara, ta ɓace wajen bakin dandamali. Can aka ji wata sabuwar sowa, wani ya tsince ta ke nan, ya ɗauka kyauta aka jefo. Da hagu Thaddeus ya ƙarasa, ya buga na ƙarshe, ya zauna yana haki.

"Ba wanda ya gani," ta ce masa a kunne. "Hayaƙi ya rufe komai. Sun ɗauka jefa musu ka yi. Yaya, ka ji su fa."

"Ni ai na gani, ƙanwata."

Renard ya ɓullo yana tari, yana murna. "Kai! Tsoho, yau ka kashe su! Ƙari suke nema, me za mu..." Sai ya ga hannun.

Thaddeus ya miƙa mata sandar da ta rage. "Riƙe."

"Ba zan riƙe ba."

Ya ajiye ta a kan ganga. Delphine ta durƙusa, ta kama hannun daman da hannayenta biyu. Mutane na ta buga ƙafa suna kira. Ta buɗe masa yatsa ɗaya a hankali, ta kama na biyu, kafin ta kai na uku na farkon ya koma.