Gaurakan Kumandan

Bakinta ne ya ja mata, ita ma Altine ba ta taɓa musun wannan ba. Kullum da hantsi takan kawo nono barikin Dogon Dutsi, ta auna wa kuku, ta juya ba ta ce wa kowa kanzil ba. Ran nan sai ta tarar da gauraka ɗaure da igiya a gindin gawo, bayan gidan Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. An ajiye masa tasa da gutsuren burodi, sai ka ce baƙo ne daga Faransa. Tsuntsun ya takure wuri guda, fukafukai sun zube, zankon nan nasa mai ruwan zinariya duk ya yi ƙasa.

"Wanga ba shi kwana ukku," ta faɗa, ita da kanta take.

Ashe Sallau tafinta yana bayanta. Shi kuwa Sallau ba a yar da magana kusa da shi, zai tsince ta ya kai ciki, ya ƙara mata gishiri. Kafin ta ɗora ƙwaryarta a ka, an ce Kumandan na kira.

Dama da abin da ke cin ta. Kwana ashirin ke nan da aka kwashi mijinta Buba aikin tilas, fasa marmara a hanyar Dosso, shi da yake fama da tari tun lokacin sanyi. Cikin mutum huɗu da aka ɗauka a rugarsu, ɗaya ya riga ya dawo a kan jaki, bai kwana biyu ba aka rufe shi.

Kumandan ya yi magana ta hanci, Sallau ya juya ta da Hausa. "Ya ce an hwaɗa mai ke kin san tsuntsaye."

"Ni? Wa ya hwaɗa mai?"

"Bar wanga, Bahillata. Shina so tsuntsun ga shi ci ga hannunshi nan da kwana goma. Ya ce mi kike so a ba ki?"

Ba ta san sanda maganar ta fito ba. "A sako mini mai gidana."

Bature ya dube ta, ya ɗaga kafaɗa, ya ce wani abu gajere. Sallau ya ce ya yarda. Sai da suka fito ya rage murya. "Amma in ya mutu ga hannunki, ke kinka kashe kayan Kumandan. Mai gidanki sai dai ki ji labari."

Abin da ta sani game da gauraka bai wuce na kowace yarinyar da ta tashi a bayan shanu ba. Ta fara kwance igiyar, wadda ta riga ta ci masa ƙafa. Ta roƙi zana aka kewaye masa fili har da ciyawa a ciki, ta zuba ruwa a faffaɗan kasko, ta watsar da burodin ga kajin kuku. Da sassafe ta bi gona ta kamo fara cikin gora, ta zube su, ta zauna nesa a ƙasa ta ba shi gefe, ba ta ko kallonsa. Gauraka ya tsaya da ƙafa ɗaya a lungu, fara na tsalle a gabansa, ko motsi. Haka rana ta farko ta wuce, haka ta biyu. A ta uku ya fara lumshe ido yana tangaɗi.

Da azahar ta koma ruga ta koro tsohuwar saniyarsu har ƙofar bariki. Gardin da ke tsaro, mai jar hula, ya gicciya bindiga.

"Ke! Nan kinka mai da mashekari?"

"Aikin Kumandan ne. In ka hana, kai ka hwaɗa mai."

Ya kauce yana zagi. Ta shigar da saniyar cikin zanan ta sake ta. Saniya ba ruwanta da bariki, ta sa kai tana kiwo, ƙwari na tashi daga ƙarƙashin kofatanta. Gauraka ya buɗe ido. Ya sauke ɗaya ƙafar. Can sai ga shi yana takawa a bayanta kamar yadda suke yi a fadama, ya buga ƙasa da ƙafa, ya cafke fara ɗaya ya haɗiye. Altine ta toshe baki da zane don kada kukanta ya firgita shi.

Daga nan abu ya fara sauƙi. Ya ci nesa da ita, ya ci kusa da ƙafarta, rana ta biyar ya miƙo dogon wuyansa ya ɗauka a tafin hannunta. Takan yi masa magana da Fulatanci a hankali, irin wadda ake yi wa maraƙi. Har ya koyi jan munduwarta da baki in fara ta ƙare. Ta so shi, ba ta yi niyya ba, amma ta so shi.

Rana ta shida Kumandan ya zo dubawa da tsakar rana, da farar hularsa mai faɗin baki. Yana leƙo kai ta ƙofar zana gauraka ya haukace. Ya yi sama ya bugi zana, ya faɗo, ya sake bugawa, har jini ya tsattsafo a fiffikensa. Fuskar Bature ta yi ja, ya yi faɗa ya tafi. Sallau bai ma fassara ba, yatsa huɗu kawai ya ɗaga mata.

Ta zauna tana tunani. Ai da safen nan tsuntsun ya hangi mutumin a baranda yana shan kofi, kai ba hula, bai ko kula shi ba. Ta tambayi kuku yadda aka kamo shi. Kuku ya ce a tafkin Kore Mairuwa ne, da raga, kuma Kumandan da kansa ya danne shi, hular na bisa kansa. To, ga inda matsalar take. Ta nemi Sallau.

"Malam Sallau, ka hwaɗa mai shi hidda hula in za shi zo."

Sallau ya kama baki. "Ke, lahiyarki? Nasara shi hidda hula cikin rana? Su hwa sun ce rana na kashe su nan take. In hwaɗi haka shi ce so nike shi mutu. Ba da bakina ba."

Mutumin da ya ƙetaro teku ya mallaki ƙasar mutane, wai rana yake tsoro. Altine ta ga ba ta da lokacin mamaki. Ta ɗauki ƙwaryar nononta, ta shafe bayan ƙwaryar da farar ƙasa har ta yi kama da hular, ta kife a ka ta shiga zanan. Gauraka ya gan ta ya zabura lungu yana huci, ya ƙi ta ƙememe har yamma. Wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata, ga kwana guda ya tafi a banza.

Washegari ta sake dabara. Ta kife ƙwaryar a ƙasa ta ɗora fara a kanta, ta koma gefe. Sai da rana ta karkata ya matso, ya fizga ya gudu. Kwana na takwas ƙwarya ta hau gwiwarta, da yamma ta hau kafaɗa. A na tara ta koma ka. Matan da ke zuwa rijiya suna leƙe ta ramin zana, suna cewa aljana Doguwa ce ta kama Bahillatar bariki, ga ta can tsugune da ƙwarya a ka tana hira da tsuntsu. Ta ci gaba da aikinta. A ranar ne kuma wani mai jaki da ya fito hanyar Dosso ya gaya mata ya ga Buba, ba ya iya ɗaga diga, tarin nasa har da jini.

Rana ta goma Kumandan ya shigo da hularsa, Sallau a baya. Gauraka ya miƙe wuya ya ƙame. Altine ta miƙa wa Bature fara, ya riƙe ta da yatsa biyu yana yatsine fuska. Ta yi masa alama da hannu ya tsuguna. Sallau ya zaro ido, don a gabansa ba a taɓa ba Kumandan umarni ba, amma mutumin ya tsuguna. Ta fara kiran tsuntsun ƙasa-ƙasa. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya karkata kai ya dubi hular da ido ɗaya, ya dubi Altine. Ta ci gaba da kiransa. Hannun Bature ya fara gajiya, ya soma sauka. Sai gauraka ya miƙo baki ya ɗauke farar.

Kumandan ya yi dariya kamar yaro, ya nemi wata. Nan a kan gwiwarsa ya rubuta takardar sakin Buba. Amma bai miƙa mata ba tukuna. Ya yi kira, sai ga mutum biyu ɗauke da dogon akwatin katako mai tsaga-tsaga.

"Wanga na mi ne?" ta tambayi Sallau.

"Kyauta ce za a kai ma wani babba Yamai. Shi ya sa anka so shi saba da mutane. Ya ce ke za ki sa shi ciki, kada a ji mai ciwo."

Ta dubi akwatin, ko fiffike ba a buɗewa a cikinsa. Ta dubi takardar da ke hannun Bature. Sannan ta tsuguna ta zura hannu cikin akwatin da fara uku a tafi, ta yi kiran da ta saba. Da ma ya yi gardama, da ta ji sanyi. Bai yi ba. Ya sunkuyar da zanko ya shiga, yana jan munduwarta aka rufe ƙofa aka buga ƙusa.

Motar da za ta Yamai ta hanyar Dosso za ta bi, don haka aka ce ta hau baya ta kai takardar da kanta. Ta zauna jikin akwatin, yatsunta cikin tsagar katako. Muddin suna ciki tsuntsun na kwance lafiya, duk girgizar mota bai motsa ba.

Da la'asar suka iso wurin aikin. Direba ya taka birki ya ce ta yi sauri. Ta zare hannunta ta sauka. Gardin wurin ya juya takardar ya nuna mata gindin wani dutse, ga Buba zaune, ya rame har ta kusa wuce shi, amma da ransa. Ta durƙusa gabansa cikin murna, ta kama hannunsa.

Mota ta tashi. Daga cikin akwatin aka fara jin bugu, da wani kuka mai kauri da ya sa masu fasa marmara suka ɗago kai.

"Mi ke kuka cikin motar can?" Buba ya tambaya, yana tari.

Altine ba ta waiwaya ba. Ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa.

"Tashi mu tahi gida," ta ce.